Murya Daban, Leɓe Daban: Nazarin Wani Dokumentari Mai Minti 52 da Sautinsa Ya Zame

Aikin dokumentari ne mai tsawon minti 52, kuma tashar talabijin da za ta nuna shi ta gindaya sharaɗinta tun farko: girman hoto 1920 da 1080, firam (hoto ɗaya-ɗaya da ke haɗa bidiyo) 25 a kowane sakan, sauti 48 kHz. Ƙashin bayan fim ɗin hira ce guda ɗaya ta minti 40 da aka ɗauka ba tsayawa, da kyamara biyu, muryar kuma aka naɗe ta daban a rakoda. Sauran kayan sun haɗa da bidiyon waya da wasu mutane suka turo, da muryar mai sharhi da aka naɗa a wani wuri. An yi tacewar a kan kwafi marasa nauyi, waɗanda ake kira furoksi, darakta ya amince, aka kulle hoto, wato aka daina canja yanka, aka tura sauti ga mai haɗa shi.

Ranar da aka mayar da aikin kan fayilolin asali domin gyaran launi ne komai ya dagule. A wasu yankan murya ta riga leɓe da kusan sakan biyu. A wasu bambancin ɗan kaɗan ne, irin wanda mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba amma ya kasa faɗin ko mene ne. A bidiyon waya kuwa, magana za ta fara daidai, ta zame, ta dawo, ta sake zamewa. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wasu yankan daga kyamarar da yankanta suka fi zamewa suna nan daidai, babu abin da ya same su.

Shawarar farko da aka kawo ita ce a bi fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe ana jan kowane yanka da ido har ya zauna. Da an bi wannan, da an sake yin kuskuren da ya haifar da rabin matsalar.

Awo kafin gyara

An buɗe sabon layin tacewa, aka ajiye fim ɗin gefe guda ba a taɓa shi ba. A sabon layin aka shimfiɗa hirar ɗungurungum, kowace kyamara a nata layi, sautin rakoda a ƙasa, aka daidaita su duka a kan firam ɗin da allon tafi, wanda ake bugawa a gaban kyamara a farkon ɗauka, ya rufe. Sai aka duba tazara a wurare huɗu: minti na 10, na 20, na 30 da na 40. Ana dubawa ta hanya biyu. Ta farko, a gwama zanen igiyar sautin da makirfon kyamara ya kama da na rakoda. Ta biyu, a nemi kalmar da ke da harafin b ko m, inda leɓe ke haɗuwa ya rufe tsaf, a tafi firam bayan firam har a ga inda ya buɗe. Akwai abin lura game da hanyar farko: sauti na tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka makirfon kyamarar da ke mita uku daga mai magana yana jinkirta da kusan milisakan 9 idan aka gwama da wanda ke maƙale a rigarsa. Wannan bai kai rubu'in firam ba. Sai tazara ta kai mita 14 ne take cin firam guda.

Ga abin da awon ya nuna. Kyamara ta ɗaya ta zame a hankali, har ta kai firam 3 a minti na 40. Furoksin kyamara ta biyu ya zame da firam 15, sai 30, sai 45, sai 60. Asalin fayil ɗin wannan kyamarar kuwa bai wuce firam biyu ba. Bidiyon waya ba shi da tsari, wani wuri gaba, wani wuri baya. Fayil ɗin dubawa da aka riƙa tura wa darakta kuma yana da jinkirin kusan firam guda daga farkonsa har ƙarshe, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa.

Zamewar sauti tana da siffa, kuma siffar ce ke tona sanadi. Wadda take tsaye wuri ɗaya, jinkiri ne na na'ura ko kuskuren wurin daidaitawa. Wadda ke ƙaruwa daidai wa daida da tafiyar lokaci, gudu biyu ne suka saɓa. Wadda ke kai da komo, adadin firam ne ba ya tsayawa. A wannan aikin dukkan ukun sun taru, shi ya sa magani ɗaya ba zai taɓa yi musu ba.

Muryar mai sharhi ce aka fara zargi, saboda an naɗe ta a 44.1 kHz alhali sauran aikin 48 kHz ne. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Manhajojin tacewa suna juya wannan da kansu yayin kunnawa, kuma da a ce an karanta fayil ɗin a matsayin 48 bisa kuskure, da muryar ta yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, ta sirance, kowa ya ji. An dai juya ta zuwa 48 kHz don mai haɗa sauti ya samu komai iri ɗaya, aka wuce.

Kyamara ta biyu

Firam 60 a layi mai firam 25 sakan 2.4 ke nan. Minti 40 kuma sakan 2400 ne. Zamewar ta zama kashi ɗaya cikin dubu cif, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wannan lamba: ita ce tazarar da ke tsakanin 24 da 23.976. Asalinta daga 1953 ne, lokacin da aka shigar da launi a tsarin talabijin na NTSC a Amurka, aka rage gudun hoto daga 30 zuwa 29.97 don kada siginar launi ta yi karo da ta sauti. Daga nan 23.976 ya samo tushe, wato 24000 a raba da 1001. A awa guda bambancin sakan 3.6 ne.

Kuskure biyu aka yi, ɗaya kan ɗaya. Na farko a wurin ɗauka: an bar kyamara ta biyu a kan abin da allonta ya rubuta 24p, alhali ta ɗaya tana kan 25. Kyamarori da yawa suna rubuta 24p suna nufin 23.976. Na biyu a wurin yin furoksi: wanda ya yi su ya ga 24p a jikin katin, sai ya umarci manhaja ta ɗauki fayilolin a matsayin 24 cif kafin ya fitar. Adadin firam bai canja ba, lambar lokacin da ke jikin kowane firam ma ba ta canja ba, domin a 23.976 ɗin ma ƙirga 24 ake yi. Gudun kaɗai ya ƙaru da ɗigo. Shi ya sa babu manhajar da ta yi ƙorafi.

Mai tacewa ya haɗa kyamarorin biyu da sautin rakoda a rukuni guda, ya daidaita su sau ɗaya a kan tafin farko. Duk abin da ya ɗauko daga mintunan farko lafiya lau yake. Da ya nutsa cikin hirar sai ya ga leɓe na riga murya a kyamara ta biyu, ya shiga gyarawa da hannu, kuma ba hanya ɗaya ya bi ba. A wasu wuraren ya fitar da yankan daga rukunin ya ja hoton har ya dace da murya. Waɗannan su ne suka tsira, domin kowannensu yana riƙe da lambar firam ɗin da aka zaɓa, kuma lambar tana nan a fayil na asali. A mafi yawan wuraren kuwa hoton ya bari cikin rukuni, sautin ya ja. Da aka dawo da fayil na asali mai gudu na gaskiya, hoto ya koma inda ya kamata ya kasance tun farko, sautin da aka ja ya tsaya inda aka kai shi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Yankan da aka ɗauko daga minti na 35 ya fito da saɓanin sakan 2.1.

Manhajar ta yi gargaɗi tun lokacin. Manhajojin tacewa na Premiere Pro da DaVinci Resolve duk suna nuna wata 'yar lamba ja a kan yanka idan an raba hoto da sautin da ke ɗaure da shi, tana faɗin yawan firam ɗin da aka gusar. Idan wannan lambar tana girma yadda ake nutsawa cikin hira, 12 a nan, 30 can gaba, 50 kusa da ƙarshe, alama ce ta cewa gudun fayil ne ke da matsala, kuma lokacin ne ya dace a dakata a duba. Daga baya lambobin sun yi rana, domin su suka zama jerin wuraren da za a gyara.

An yanke hukunci ɗaya wanda ya sauƙaƙa sauran aikin: sauti ba zai motsa ba, hoto ne zai bi shi. Dalili kuwa, kalmomin da darakta ya amince da su suna cikin sautin, kuma mai haɗa sauti ya riga ya yi nisa da aikinsa. Motsa sauti yana nufin a rushe masa. Saboda haka aka fitar da kowane yanka na kyamara ta biyu daga rukuni, aka kunna sautin makirfon kyamarar na ɗan lokaci, aka ja hoton har zanen igiyarsa ya hau kan na rakoda, sannan aka kashe shi. Lissafi ya taimaka wajen sanin inda za a nufa: a ɗauki sakan nawa ne daga tafi zuwa wurin, a raba da dubu. Tsawon yanka a fim bai canja ko da firam guda ba.

Saura batun zaman 23.976 a cikin layi mai 25. Manhaja dole ta samo ƙarin firam ɗaya da ɗan ɗori a kowane sakan. Hanyoyi uku ne. Ko ta maimaita firam mafi kusa, ko ta narka biyu su zama ɗaya, ko ta ƙirƙiro sabo ta hanyar bin motsin abubuwa, abin da ake zaɓa da sunan Optical Flow. Ga mutumin da ke zaune yana magana, maimaitawa ba ta cika fitowa ba. Inda kyamara ke juyawa a hankali ne take bayyana, hoto ya riƙa ɗan cijewa sau ɗaya a kowane sakan. Narkawa tana kawo inuwa biyu a gefen abu mai motsi, kuma a ganinmu ita ce mafi muni cikin ukun ga fuskar mutum. Ƙirƙirar firam tana ba da santsi, amma tana rikicewa idan hannu ya gitta gaban fuska, ko tufafi masu layi-layi, ko inda haske ya canja farat ɗaya: yatsu su narke, gefen kai ya yi rawa. Babu yadda za a yi a zaɓa wa fim gaba ɗaya hanya guda. Yanka-yanka aka bi, ana kallo a babban allo.

Hotunan da kyamara ta biyu ta ɗauko waɗanda babu magana a ciki sun fi sauƙi. An ce wa manhaja ta karanta su a 25 kai tsaye, a Clip Attributes idan Resolve ne, a Interpret Footage idan Premiere ne. Kowane firam ya samu gurbinsa, babu maimaici, babu ƙirƙira. Motsi ya ƙara sauri da kashi 4.27 cikin 100, wanda ido ba ya kamawa a hoton titi ko gini. Sai dai kowane yanka ya gajarta da kusan kashi 4.1 cikin 100, don haka aka jawo ƙarin firam daga bakinsa don cike gurbi.

Bidiyon waya

MediaInfo, manhajar duba bayanan fayil wadda kyauta ce, tana bayyana matsalar bidiyon waya cikin sakan biyar. A layin Frame rate mode ta rubuta Variable, wato gudu mai canjawa, ta kuma nuna mafi ƙaranci da mafi yawan gudu. Waya ba ta ɗaure kanta da adadi ɗaya. Idan haske ya yi ƙasa takan tsawaita buɗewar kowane firam ta rage yawansu, idan ta yi zafi ma takan zubar da wasu. Kowane firam na ɗauke da hatimin lokacinsa, shi ya sa a wayar ko a manhajar kallo komai ke tafiya daidai. Manhajar tacewa kuwa tana son ta ƙirga firam a jere da tazara iri ɗaya. Sababbin fitowa sun fi iya jure wannan, amma abin da ya zauna a kwamfutar mai tacewa ba lallai ya zauna a ta mai launi ba, kuma haka ya faru a nan.

Maganin shi ne a juya fayil ɗin zuwa gudu tsayayye kafin ya shiga aiki. Da FFmpeg, manhajar juya fayil da ake rubuta wa umarni, umarnin kamar haka yake:

ffmpeg -i waya.mov -fps_mode cfr -r 30 -c:v prores_ks -profile:v 2 -pix_fmt yuv422p10le -c:a pcm_s24le -ar 48000 waya_tsayayye.mov

Wannan yana bin hatimin lokaci, ya maimaita ko ya zubar da firam inda ya kamata don hoto ya ci gaba da tafiya da sautinsa. A tsofaffin FFmpeg, kafin 5.1, ana rubuta -vsync cfr a madadin -fps_mode cfr. Wanda ba ya son rubuta umarni zai iya yin haka da Shutter Encoder. An zaɓi 30 ne saboda shi ne gudun da wayar ke kewayawa a kai. Da an tafi 25 kai tsaye da wannan umarnin, da an zubar da firam ɗaya cikin kowane shida tun a nan, babu damar zaɓar hanya mafi kyau daga baya. A tanadi wuri: ProRes 422, nau'in bidiyon da umarnin ke fitarwa, a wannan girma yana cin kimanin gigabait 66 a awa idan firam 30 ne, 55 idan 25 ne. Ribar ita ce kowane firam cikakke ne da kansa, ba kamar H.264 da H.265 ba, inda yawancin firam ke dogaro da maƙwabtansu.

A duba launi ma tun da an buɗe MediaInfo. Wayoyi da yawa, har da iPhone tun daga iPhone 12, suna ɗauka a HDR, tsarin hoto mai faɗin haske, idan ba a kashe ba. Idan aka ga HLG da BT.2020, sai mai launi ya juya su zuwa Rec.709, ma'aunin launi na talabijin HD, in ba haka ba hoton zai fito fayau, fari ya ƙone.

Sababbin fayilolin ba su da adadin firam iri ɗaya da tsofaffin, don haka ɗaura su ta atomatik ya gusar da farkon kowane yanka. An ɗauko fayil ɗin da darakta ya amince da shi aka ɗora a saman layi, aka sa masa yanayin Difference. Inda firam biyu suka dace, allo yakan yi baƙi. Inda suka saɓa, gefunan abubuwa su haska. Ana jan yanka har allon ya fi duhu a firam ɗinsa na farko, sannan a tabbatar da leɓe da kunne.

Firam ukun kyamara ta ɗaya

Nan babu wanda ya yi kuskuren saiti. Kyamara da rakoda kowanne da agogonsa na ciki, kuma babu biyun da ke tafiya daidai ɗari bisa ɗari. Firam 3 milisakan 120 ne, cikin sakan 2400 kuwa kashi 50 cikin miliyan. Ƙarami ne amma ya wuce iyaka. Shawarar R37 ta EBU, ƙungiyar kafofin watsa shirye-shirye ta Turai, ta ce kada sauti ya riga hoto da fiye da milisakan 40, kada kuma ya makara da fiye da 60. An fi tsananta wa rigayen sauti ne domin a rayuwa mun saba ganin abu kafin mu ji ƙararsa, akasin haka ne ke damun ƙwaƙwalwa.

Tunda firam ɗaya ke zamewa a kowane minti 13 da sakan 20, an shiga cikin rukunin aka yanka layin kyamarar a wurare uku, kusa da 6:40, 20:00 da 33:20, a gurbin da ba a yi amfani da shi a fim ba, aka gusa kowane sashe da ƙarin firam guda. Da haka kuskuren bai wuce kusan rabin firam a ko'ina ba, kuma duk yankan da ke fim ɗin suka gyaru lokaci guda. Na'urar lambar lokaci da ake maƙala wa kyamara tana taimakawa wajen daidaita farkon ɗauka, amma ba ta hana agogo biyu rabuwa a tsakiyar ɗauka mai tsawo. Wannan aikin genlock ne, wato ɗaure kyamara da agogo na waje, ga kyamarar da ke da shi. Wadda ba ta da shi, a yi mata tafi na biyu a ƙarshen hira kafin a kashe. Da shi za a auna zamewar cikin minti ɗaya a ɗakin tacewa.

Jinkirin da ba na fim ɗin ba ne

Firam gudan da ke fayil ɗin dubawa daga matse sauti ya fito. AAC, tsarin matse sautin, na sa ɗan shiru a farkon fayil, samfuri 1024 a wasu manhajoji, 2112 a ta Apple, wanda a 48 kHz ya kama milisakan 21 ko 44. Fayil ɗin na ɗauke da bayanin a tsallake shi, amma ba kowace manhajar kallo ke bi ba. Talabijin da ke sarrafa hoto kafin ya nuna, da abin kunne mara waya, su ma suna ƙara nasu jinkirin. Kafin a yanke hukunci kan leɓe a kowane ɗaki, a kunna ɗan gwajin da farin firam guda ke fitowa tare da ƙara, a ga ko na'urorin ɗakin suna faɗin gaskiya. Ba a taɓa komai a fim ɗin ba saboda wannan. Fayil ɗin da za a miƙa da sauti mara matsi yake, PCM, wanda ba shi da wannan shirun.

Da aka gama, an sake fitar wa mai haɗa sauti hoton da zai riƙa bi a ProRes, da lambar lokaci a rubuce a jikinsa. Fim na farawa a 10:00:00:00, don haka aka sa ƙarar 1 kHz mai tsawon firam guda a 09:59:58:00 tare da farin firam, aka sa irinta sakan biyu bayan firam na ƙarshe. Ta ƙarshen ce mai muhimmanci: da a ce ɗakin sauti na kan saitin da ke ja da kashi ɗaya cikin dubu, da a minti 52 ta kauce da firam 78. Sautin ya dawo a ma'aunin ƙarfin sauti na R128, wato -23 LUFS, ƙololuwarsa ba ta haura -1 dBTP ba, kuma ƙararrakin biyu suka hau kan fararen firam ɗinsu.

Yanka huɗu na kyamara ta biyu an bar su da firam mai maimaici da gangan. A cikinsu mai maganar yana yawan kai hannu fuska, kuma duk saitin ƙirƙirar firam da aka gwada sai ya narkar masa da yatsu. An rubuta lambar lokacin kowannensu a takardar da ke rakiyar fim zuwa tasha, tare da bayanin cewa asalin ɗaukar 23.976 ce, don mai duba inganci ya san da su kafin na'urarsa ta nuna masa.